Shekarar da Na Ba da Aron Rigar Alhaji

Kun sha ba juna labarin nan a gabana, ke Hadiza da ƙannenki, kuna dariya, wai Inna ce ta ruɗe ta ɗauko rigar da ba ita ba. Har jikokina sun haddace shi yanzu. Na daɗe ina ƙyale ku, don lokacin da babanku yake da rai ba na son tayar da maganar da ta kwanta. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, ni ma idona ya fara gajiya, to bari in gyara muku tun ina iya riƙe alƙalami. Ban ruɗe ba. Ni da na tsufa ina sayar da atamfa da shadda tsakanin kasuwar Gaya da ta Malanbil, ina gane yadi da taɓawa kawai, ni ce zan kasa bambance tsumma da rigar Sallah? Da idona biyu na zaɓe ta, kuma da za a maido ni ranar, ita zan sake ɗaukowa.

Babanku bai gaji ko allura ba. Da ƙafa ya baro Tanda yana saurayi, ya shiga aikin apranti, wato yaron mota, a kamiyon, wato babbar motar kaya, ta wani mutumin Dosso. Ya kwana ƙarƙashin mota a bakin gada yana jiran 'yan duwan, wato kwastan, su buɗe hanya, ya sha garin rogo da ruwan gulbi, ruwan inji ya ƙona masa hannun dama, tabon da kuka sani. Da Allah ya buɗa masa har ya mallaki kamiyoyin kansa masu ɗauko kaya daga Kwatano zuwa Yamai, sai ya yi rantsuwa cewa ɗansa ba zai taɓa sanin warin baƙin mai ba. Rantsuwar ƙauna ce, na shaida, amma ita ta kusa cinye mana yayanku. Yaro ya yi karatu a Yamai har ya gama jami'a, ya dawo gida da takardarsa, Alhaji ya ce ya zauna ya jira, akwai manyan da suka yi masa alkawarin kujera a biro, wato ofis, mai fanka. Aka saya masa moto, wato babur, aka saya masa salula, aka ɗinka masa kaya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, manyan nan kullum suna cikin dubawa. In yayanku ya leƙa gareji don ya kama wani abu, sai direbobi su tashi su ba shi kujera su kawo masa ruwan sanyi, don maigida ya gargaɗe su kada wanda ya bari ya taɓa ko sufana.

Ku 'yan yanzu za ku ce me ya hana ya zauna da ubansa su yi magana. Ɗan fari ne. Ku da kuka zo baya kun hau cinyar Alhaji kun ja masa gemu, shi kuwa tun yana jariri babanku bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunansa ba, ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya ba. In yana da saƙo sai ya ce a gaya wa yaron nan, ko da yaron yana tsaye a wurin. Ni ma haka aka tarbiyyantar da ni, ga shi har a takardar nan na kasa rubuta sunansa. Uwar da ta tsaya tana roƙa wa ɗan farinta wani abu, mata sai su yi ta yi da ita a gidan biki, su ce ba ta da kunya. To haka muka zauna mu uku a gida ɗaya, kowa yana son kowa, ba mai iya buɗe baki.

Abin da ya rage masa sai fada, wato majalisar shan shayi ta samari. Kun san bencin da ke jikin katangarmu ta gabas, ƙarƙashin iccen dogon yaro. Nan suke zama su uku tun hantsi, shi da Gado ɗan mai shagunan siminti, da Bube wanda ubansa ke fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan. Duk 'ya'yan masu hali, duk da takardunsu, duk ba abin yi. Madafata tana bayan katangar, don haka duk abin da suka faɗa yana shigowa kunnena tare da hayaƙin gawayinsu. A shayi na farko za su buɗe kamfanin shinkafa. A na biyu sun haƙa tafkin kiwon kifi har sun fara sayarwa Najeriya. Kafin na uku ya nuna sun yi faɗa a kan wanda zai zama direkta, sun shirya, an kira sallar magariba, a bar sauran sai gobe. Na sha yin dariya ni kaɗai ina tuƙa tuwo. Amma kada ku raina su. Amincin yaran nan na gaske ne. Da zazzaɓi ya kwantar da Gado, sauran biyun ba su bar bakin gadonsa ba har ya tashi. Mutanen gari suna wucewa suna ce musu 'ya'yan hutu, su kuwa ba wanda ya san nauyin da ke zuciyarsu sai junansu.

A wani gidan suna uwar Bube ta ja ni gefe, ta ce min ɗanta ya sayar da motonsa, kuma ta ji yana tambayar kuɗin mota zuwa Agadas. Sai a lokacin na tuna na yayanku ma ya kwana biyu wai yana wajen gyara. Duk shirye-shiryen da suka yi a bencin nan ba wanda ya taɓa tashi ya taka ƙasa, sai wannan, na ratsa hamada zuwa Libiya, shi ne suka fara sayar da kaya a kansa. Yaran da ba su taɓa kwana da yunwa ba. Na gaya wa Alhaji a kaikaice, na ce ana maganar samarin unguwa suna son bin hanyar arewa. Ya ce wannan aikin 'ya'yan talakawa ne, wanda ke da ci da sha me zai je nema. Ya juya ya ci gaba da lissafin tayoyinsa.

A cikin kwanakin nan ne Mushe Hamidu, kamar yadda muke kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, wanda ke kula da 'yan wasan kwaikwayo a gidan matasa, ya zo ya zauna a bencinsu. Ya sha shayinsu, ya saurare su, ya ce ai ku kanku wasa ne, tashi kawai za ku yi ku hau dandali. Irin aikinsa ba ya rubuta wa kowa magana. Zaren labari kawai yake bayarwa, ya ce kai ne wane, ga abin da ya same ka, sauran ka faɗa da bakinka. Suka sa wa wasan suna Shayi Uku. Abokai uku ne a benci, da butar shayi ta gaske a kan gawayi, in ana bukatar uba sai ɗayansu ya zura babbar riga a kan kayansa ya zama uban wani. Da yamma suke gwaji, a nan bayan katangata. Rannan ina tsaye da muciya na ji muryar Alhaji a waje, da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya hana mutum abu. Har na gyara ɗankwali. Sai na ji Gado yana amsawa da Baba, na gane yayanku ne. Na tsaya na ji gwajin har ƙarshe, tuwo ya kama a tukunya. Abin da ya kasa gaya wa ubansa shekara da shekaru, ga shi yana fitowa tiryan-tiryan, kuma ba zagi a ciki ko kaɗan.

Ana saura kwana kaɗan a yi wasan ya zo ya tsuguna a bakin madafa, yana kallon ƙasa kamar yadda ya saba.

"Inna, ko akwai wata tsohuwar riga da anka daina sawa? Aro za mu yi, mu maido."

Na ce ya je, za a duba. Na shiga ɗakin Alhaji na buɗe akwati. Akwai tsofaffi har da waɗanda asu ya fara ci, kuma da na ba shi ɗaya daga cikinsu da ba abin da zai faru. Alhaji zai zauna a layin gaba, don shi ya ba da aron kujeru kuma an gayyace shi, zai yi dariya, ya ce lallai wasu iyayen ba su iya riƙon 'ya'ya ba, ya yi wa 'yan wasa kyauta, ya dawo gida. Na san mijina. In dai akwai ƙofar da zai bi ya ce ba da shi ake ba, zai bi ta. Sai na ɗaga tsofaffin na ajiye gefe, na ciro shuɗiyar shaddar nan mai aikin zare ruwan ƙasa, wadda yake hawa idi da ita, wadda ko makaho a Gaya ya san ta Alhaji ce. Ba zan ɓoye muku ba, na san abin da taɓa mutuncin namiji a bainar jama'a yake jawowa. Na naɗe ta a zane na kai masa. Ya buɗe, ya dube ta, ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya yi.

"Inna, wagga ta Sallah ce."

"Na sani," na ce. "Kada shayi ya zuba mata."

Bayan la'asar aka yi wasan, a filin gidan matasa. Wuri ya cika, mata a gefe guda, manya a kujerun gaba. Ban taɓa zuwa irin wurin ba, amma ranar na ja mayafina na tafi, na zauna inda nake hango ƙeyar Alhaji. Shayi na farko dariya ce zalla. Mutane suna ganin 'yan bencin nan suna raba muƙaman kamfanin da babu shi, har wata tsohuwa kusa da ni ta riƙe ciki. Alhaji ma kafaɗarsa tana motsi. Da aka ɗora na biyu sai yayanku ya zagaya bayan labule ya fito cikin shuɗiyar riga, yana kaɗa makullai a yatsa, ya yi ɗan tarin nan. Filin ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, kowa ya juya yana neman fuskar mai rigar. Na ga wuyan babanku ya sandare. Amma yaron bai mai da ubansa abin dariya ba, kuma wannan ne abin da nake so ku riƙe. Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya fara ba Gado, wanda ke matsayin ɗa, labarin kwana ƙarƙashin mota da garin rogo da ruwan inji. Ban san ya san labaran nan haka ba, ashe duk shekarun da ake hira da ku ƙanana yana daga bakin ƙofa yana ji. Dariya ta mutu. Ya ce ya yi rantsuwa ɗansa ba zai sha abin da ya sha ba. Sai Gado ya ce abin da ban taɓa ji a gwaji ba.

"Baba, kai ka sha wahala, ka zama mutum. Ni ka hana ni wahala, to mi kake so in zama? Ka ba ni ko da wankin taya ne, in gaji, in yi barci irin na mutane."

A shayi na uku ba wanda ya yi maganar kamfani. Bube ya tashi ya rataya jaka, ya ce shi ya kama hanyar Agadas, mai zuwa ya taso. Yayanku ya cire rigar, ya ninke ta da kyau, ya ajiye a benci, ya tsaya yana kallon jakarsa da ke ƙasa. A nan Alhaji ya miƙe ya fita, bai jira tafi ba. Mutane kuwa sun tafa har hannu ya yi zafi, wasu iyaye suna share ido. Ni ina zaune ƙirjina ya cika, tsoro rabi, alfahari rabi, ina cewa a raina wannan ɗana ne, ni na haife shi, ko da ba zan iya faɗa wa ta kusa da ni ba.

Na tarar da Alhaji a tsakar gida yana zaune a kan tabarma, bai cire hula ba. Ya tambayi wanda ya buɗe masa akwati. Na ce ni ce. Ya ce ko ban ga tsofaffin ba, na ce na gan su, na ɗaga su na ajiye gefe.

"Kin tara mini Gaya ta yi mini dariya, Hajiya."

"Sun yi dariya da farko, Alhaji. Daga baya ba wanda ya yi. Kai ma ka ji abin da anka ce."

Ya tashi ya koma zaure. Daga ranar ya daina cin abincin tukunyata. Daga tasha ake kawo masa, ya ci a zaure. Ku kuna ƙanana, an ce muku likita ne ya hana shi tuwo. Ba ya yi min magana sai ta dole, yayanku kuwa ko inda yake ba ya kallo. A kasuwa mata suka samu abin taunawa, wai na haɗa kai da ɗan fari na tozarta mijina, wata ƙawata ta shekaru ta daina zama a rumfata. 'Yan'uwan Alhaji suka zo daga Tanda suka yi min faɗa, na durƙusa na saurara, ban ba da haƙuri a kan rigar ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin kwanon mijina ya dawo a rufe ba.

Uban Bube shi dariya ya yi wa wasan, ya saya wa ɗansa sabon moto. Bube ya sayar da shi a satin. Na san ana jiran yayanku ne su tafi tare, don haka na yi abin da uwata ba ta taɓa yi wa nata ɗan farin ba. Na kira shi ɗakina, na sa shi ya zauna a bakin gadona, na ce ya dube ni. Na ce ban taɓa roƙonsa komai ba, yau ina roƙonsa ya ba ni damina ɗaya, in ta wuce ubansa bai motsa ba, ni da kaina zan sa masa albarka ya tafi. Ya yi kuka, ya ce ya riga ya yi wa Bube alkawari. Na ce na sani, ni ce nake sa shi ya karya. Bube ya tafi shi kaɗai. Ya kira daga Agadas, ya sake kira sau ɗaya daga can ciki, daga nan shiru, har yau da nake rubutun nan. Gado ya daina zuwa benci, don ya ce ba ya iya zama yana kallon gurbin. Yayanku bai taɓa ce min komai a kai ba, amma na san yana ɗauke da shi, kuma kuna gani duk Sallah gidan su Bube yake fara zuwa gaisuwa.

Da shirun Bube ya yi tsawo, Alhaji ya je yi wa ubansa jaje. Ban san abin da ya gani a gidan ba. Ya dawo ya zauna a zaure har aka kira azahar bai je gareji ba. Washegari da safe ya shigo tsakar gida, yayanku yana alwala a bakin rijiya, ya ce min in gaya wa yaron nan akwai mota mai tashi Kwatano. Na ce ga shi nan, yana da kunne. Alhaji ya yi ɗan tarinsa, ya juya, ya fuskanci ɗansa. Ya ce tsohuwar kamiyon nan ce mai yawan lalacewa, apranti zai tafi ba ɗan maigida ba, ya riga ya gaya wa direba in ya kuskura ya ba yaron kujera a gaba to a bakin aikinsa. Ya faɗa da faɗa-faɗa, kamar hukunci yake yankewa. Yaron ya ce to, Baba.

Kun san inda abin ya kai, kun ga yadda ya riƙe garejin bayan ƙarfin babanku ya ƙare, da yawan 'ya'yan mutane da ya ɗauka aiki. Ba wannan nake son ba ku labari ba. Ranar da ya dawo daga tafiyar farko nake so ku gani. Motar ta lalace musu a hanya, sun daɗe, ruwan sama ya dake su. Da yamma ya shigo, ya rame, idanu sun faɗa, rigarsa ba a gane launinta, sauro ya yi masa kaca-kaca. Alhaji yana zaune a tsakar gida. Ya dube shi tun daga ƙafa har kai, na ga leɓensa yana motsi, don abin da ya yi rantsuwa ba zai gani ba ne yake tsaye a gabansa. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba da labarin kaya sun iso lafiya. Alhaji ya gyaɗa kai, ya juyo wajena.

"Hajiya, akwai tuwo?"

Na ce akwai. Ya ce in kawo, kwano ɗaya, kuma yaron ya zauna. Na zuba, na kai, na koma bakin madafa na tsaya. Yayanku ya wanke hannu da sabulu, ya sake wankewa, baƙin man ya ƙi fita daga faratansa da tsagar tafinsa. Ya zauna a gefen tabarma yana ɓoye hannun a cinya, ya kasa kai shi cikin kwanon ubansa. Alhaji ya kai loma ɗaya, ya jira, sannan ya miƙa hannu ya kamo na yaron, ya juya shi yana dubawa.

"Sa hannu ka ci," ya ce. "Da irin wannan hannun anka ciyar da kai."

Na shige madafa na zauna a kan turmi, na rufe fuska da ɗankwali don kada su ji ni. Ina nan zaune Alhaji ya ɗaga murya ya ce a ƙaro miya.